Amsoshin Kawu: memwar, ChatGPT da littattafan bogi

Kawu, wani a WhatsApp yana sayar da ChatGPT na kuɗi, jaka biyu a wata. In saya? (Ɗalibi, Ali Dan Sofo)

Kar ka saya. Farashin ChatGPT Plus na gaskiya dalar Amurka 20 ne a wata, sama da jaka goma. Mai ba ka shi jaka biyu asusu ɗaya ya raba wa jama'a: kowa na ganin abin da ka rubuta, ranar da ya ga dama kuma ya canza kalmar sirri. Na kyauta ya ishi ɗan lasans. Jaka biyun ka zuba forfe.

Kawu, ina rubuta memwar, kundin kammala karatu, kan ajiyar wake a buhun PICS, wanda iska ba ta shiga. ChatGPT ya ba ni littattafai takwas, malamin da ke duba aikina ya nemi biyu bai samu ba. Na kasa barci. (Ɗaliba, unguwar Zariya)

Ƴata, kwantar da hankalinki. Tun da ba a kai ga sutanas ba, wato ranar kare aiki gaban malamai, gyara na yiwuwa. Amma ki zauna ki ji, don wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Na'urar nan ba laburare ba ce. Aikinta ta hango kalmar da ta dace ta biyo bayan wata. In kika ce ta kawo madogara, tana iya ɗauko sunan masani na gaske, ta laƙa masa take mai daɗin ji, da shekara, da mujalla, har da lambar shafi. Kamar maganin jabu ne a kwali mai kyau, sai an sha ake ganewa. Abin takaici, ɗalibin da ba ya sayen waya sai ya jarraba caji da lasifika, shi ne zai kwafe madogara takwas ko ɗaya bai buɗe ba.

Ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwafi taken cikin Google Scholar, ki duba HAL, rumbun takardun bincike na Faransa a intanet, don na Faransanci. In akwai lambar DOI, wato lambar shaidar takarda, sa ta a doi.org ki ga ko ta kai ki ga takardar. Wanda bai fito ba ki goge shi, tare da jimlar da ta jingina a kansa. Wanda ya fito ma ki karanta, don takan jingina wa takarda ta gaske maganar da ba ta cikinta.

Alƙaluma sun fi haɗari. Kar ki karɓi adadin tan na waken Madarunfa daga wurinta. Ki je INRAN, cibiyar binciken noma da ke Tarna, ki duba rahotannin INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ki yi anketinki wurin manoma. Na'urar ki bar mata gyaran nahawun Faransanci, ko ta yi miki tambayoyi irin na ƴan juri. Malaminki kuwa ki faɗa masa gaskiya tun kafin ya gano sauran da kansa.

Kawu, wace manhaja ce ke juya rubutu don kada malam ya gane na'ura ce ta yi? (Ɗalibi, Tibiri)

Haba ɗana! Kuɗinka zai tafi, Faransancin ya dagule. Manhajojin ganowar ma ba abin dogaro ba ne, kamfanin OpenAI ya janye tasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Malaminka ba ya bukatarsu. Ranar sutanas zai buɗe shafi na 14 ya ce ka bayyana masa sakin layi na biyu da bakinka.