Me ya rusa ƙungiyar Montreal Royals?

Ka tambayi tarihin Montreal Royals da abin da ya rusa ta. Ƙungiyar besbol ce ta Kanada a ƙaramar gasar International League. Ta buga daga 1897 zuwa 1917, ta farfaɗo a 1928 a filin Delorimier. Daga 1939 ta zama wurin renon 'yan wasan Brooklyn Dodgers, ƙungiyar babbar gasa da ke birnin New York a lokacin. Nan Jackie Robinson ya buga a 1946, baƙar fata a gasar da aka daɗe da rufe wa baƙaƙen fata ƙofarta, kuma a shekarar Royals ta ci kofin Junior World Series, na zakarun ƙananan gasanni.

Da Dodgers suka ƙaura Los Angeles a 1958, nisa ya shiga tsakaninsu da Montreal, 'yan kallo suna ta raguwa. Bayan kakar 1960 aka mayar da gurbin Royals birnin Syracuse na Amurka. Kada ka haɗa ta da Expos, wata ƙungiyar besbol ta Montreal wadda ta fara a 1969 a babbar gasa. Alƙaluman kowane wasa kuwa, sai ka tuntuɓi masu binciken SABR, ƙungiyar nazarin besbol ta Amurka.