Tambaya da Amsa: Hatimi Mai Tudu a Kan Katin Gaisuwa

Tambaya: Ina yin katunan barka da Sallah da hatimin roba, kuma na gwada dabarar barbaɗa hodar zinariya a kan tawada don zanen ya yi tudu, amma hodar tana manne wa ko'ina, takardar kuma tana lanƙwashewa. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, ki fara duba tawadarki. Wannan hoda garin roba ce da zafi ke narkarwa, saboda haka tana buƙatar tawada mai danƙo wadda ba ta saurin bushewa, irin VersaMark. Tawadar hatimin ofis ba ta riƙe ta yadda ya kamata.

Mannewar da kike gani kuwa, maiƙon yatsu ne ke jawo ta, da kuma ɗan cajin lantarki da takarda ke ɗauka idan iska ta bushe, musamman lokacin hunturu. Ki ƙulla ɗan sitaci a ƙyalle mai laushi ki shafe katin kafin ki buga hatimi, sannan bayan kin barbaɗa hodar ki karkata shi, ki ƙwanƙwasa bayansa da yatsa, ki share ragowar da siririn buroshi.

Kada ki yi amfani da na'urar busar da gashi, domin iskarta watsar da hodar take yi. Ki nemi na'urar hura zafi ta masu wannan sana'a, ki bari ta ɗauki zafi tukuna, kina motsa ta a hankali, kuma da zarar hodar ta narke ta fara sheƙi, ki janye hannu. Lanƙwashewar kuwa, zafi ne ke jawo ta: kati mai kauri, kamar mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ya fi jure zafin.