Ƙuri'a, Samfur, da Ruwan da Kan Yi Tsami Banza

Wani ɗalibin jami'a ya rubuto daga Zariya: "Malam, a darasin ƙididdiga an ce idan za a gwada magani, a raba mutane gida biyu 'randam'. Ni na ce Hausarsa 'barkatai', abokina ya ce 'kan mai uwa da wabi'. Wa ya yi daidai?"

Ɗana, ku duka biyun kun zame, sai dai abokinka ya fi ka nisa da hanya. Barkatai rashin tsari ne, kamar kayan da aka watsar a tsakar gida. Kan mai uwa da wabi kuwa faɗa wa jama'a ne da duka ko kame ba tare da an tantance mai laifi ba, kuma ba a faɗinsa sai inda aka yi ɓarna. Abin da malaminku ke nufi aiki ne mai tsari ƙwarai, wanda aka shirya da gangan don a cire hannun mutum daga cikin rabo. Sunansa ƙuri'a.

Na san abin da zai zo muku a rai: akwati, layi, tawada a babban yatsa. 'Yan siyasa da masu karanta labarai sun cinye kalmar nan har yaro ya tashi bai san tana da wata ma'ana ba. Alhali ƙuri'a daga Larabci muka aro ta, kuma ma'anarta ta fari ita ce a bar wa rabo ya fitar da mutum idan haƙƙin kowa ya zo ɗaya. Wanda ya yi makarantar allo ya san malaman Bani Isra'ila sun jefa alƙalumansu don a ga wanda zai riƙi Nana Maryam, ya san an yi ƙuri'a a jirgin ruwa ta faɗa kan Annabi Yunusa, ya kuma ji hadisin Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) kan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ko mahauta idan sun kasa naman watanda kashi-kashi, da ƙuri'a ake raba gardamar wa zai ɗauki wane. Zaɓen shugabanni ma kishiyar wannan ne, domin a can kowa son ransa yake dangwala wa. Amma ka ji mutum ya buɗe baki ya ce wai Hausa ba ta da kalmar, sai an aro.

Ga dalilin da ya sa masu bincike suka riƙe ta. A ce likita ne zai zaɓi waɗanda za a ba sabon magani da hannunsa. Ko bai yi niyya ba, tausayi zai sa ya tura masu jin jiki sosai, ko kuma son maganin ya yi suna ya sa ya tura masu ƙwari. Daga nan duk bambancin da aka gani ba a san na magani ne ko na zaɓen likita ba. Wani Baturen Ingila, Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a 1919, shi ya nace cewa ƙuri'a ce za ta faɗi wane fegi zai sami wane taki. Likitoci suka bi sahu. A gwajin maganin tarin fuka na streptomycin da aka buga sakamakonsa a Ingila a 1948, masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya tsara rabon da lambobin ƙuri'a, aka rufe su a ambulan, ba a buɗewa sai an riga an karɓi maras lafiya cikin gwajin. Mutum 55 suka sami maganin tare da hutun gado, 52 hutun gado kaɗai. Cikin wata shida, 4 suka rasu a rukunin farko, 14 a na biyu.

Kada ka ɗauka ƙuri'a na mai da rukunin biyu tagwaye. Tana iya tara tsofaffi a gefe guda. Abin da take yi shi ne ta tabbatar cewa duk wani rinjaye da ya rage na dace ne kawai, dace kuwa ana iya lissafa shi. Don haka ka rubuta "rabo ta hanyar ƙuri'a", ka bar barkatai ga ɗakin kwanan ɗalibai.

Wata mai karatu daga Kumasi: "Samfur Hausa ce?"

Ta zama. Daga Turanci ta shigo, ta zauna a bakin 'yan kasuwa, ba mai korar ta. Sai dai samfurin ɗan kasuwa shi ne mafi kyawun kayansa da ya baje don jan ido, na mai ƙididdiga kuwa ɗiba ce da ake so ta yi kama da abin da aka ɗebo ta daga ciki, mai kyau da maras kyau.

Wata malamar lissafi daga Maraɗi: "Ɗalibaina sun ƙi yarda cewa ɗiba biyu daga abu ɗaya za su iya ba da amsa daban ba tare da wani dalili ba. Ɗaya ya kafa mini hujja da 'ruwa ba ya tsami banza'. Me zan ce masa?"

Malama, ki fara da yaba masa, don yaron da ke kawo karin magana a ajin lissafi ba na yarwa ba ne. Sannan ki gaya masa an yi karin maganar ne don halin mutane: maƙwabcin da ya daina gaishe ka, surukin da ya fara yawan ziyara. A nan gaskiya ne, akwai walakin. Amma karin magana ba aya ba ce, kowace da inda take aiki, kuma masu jan ta zuwa kowane fage su ne ke sa a raina ta.

Ki zo da ƙwarya, ki zuba farin wake da jan wake daidai wa daida, ki cakuɗa sosai. Kowane ɗalibi ya rufe ido ya ɗebi ƙwaya 20, ya ƙirga ja, ya mayar, a sake cakuɗawa. Za su zata kowa zai sami 10. Lissafi ya nuna 10 cif ba ta fitowa sai kamar sau 18 cikin 100. Kusan kashi uku cikin huɗu za su faɗa tsakanin 8 da 12, sauran kuma su fita waje, wani 6, wani 14. Ki rubuta sakamakon kowa a allo, ki tambayi mai karin maganar: wa ya taɓa ƙwaryar tsakanin mai 7 da mai 13? Babu. Waken bai canza ba, hannun ne ya faɗa wani wuri. Wannan shi nake kira saɓanin ɗiba, kuma na fi son sa a kan "kuskuren samfur" da wasu ke rubutawa, domin kuskure na nuna akwai mai laifi, nan kuwa ba wanda ya yi ba daidai ba.

Daga nan ki sa su ɗebi 80 maimakon 20. Za su ga kason ja ya matso kusa da rabi, amma ba yadda suke tsammani ba: ninka ɗiba sau huɗu, rabin saɓanin kawai yake ragewa. Shi ya sa binciken jin ra'ayi da aka yi wa mutum 1,000 ta ƙuri'a kan zo da gargaɗin kashi 3 cikin 100 sama ko ƙasa. Idan ɗan jarida ya ce farin jinin wani ya "faɗi" daga kashi 52 zuwa 50, har ya gayyato mai sharhi ya yi rabin sa'a yana zayyana dalilai, to shi ma ɗalibinki ne, bai dai zo aji ba.

Daga Kano: "Canki-canka fa?"

Wasan yara ne, kuma mai canka yana kallon fuskar mai ɓoyewa. Ba ƙuri'a ba ce.

Wani ma'aikaci daga Garwa: "Tunda sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ashe idan aka tambayi mutane da yawa ba a buƙatar wata ƙuri'a?"

Alhaji, yawa na maganin saɓanin ɗiba, ba ya maganin karkatacciyar ɗiba. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, yawanci ga sunayen da ta samo daga littattafan tarho da rajistar motoci, sama da miliyan 2 suka dawo. Ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. A shekarun matsin tattalin arziki masu tarho da mota ba su ne talakawan ƙasa ba, kuma waɗanda suka damu su mayar da takardar sun fi karkata ga masu jin haushin gwamnati. Wani mai binciken jin ra'ayi, George Gallup, da ɗiba ƙarama ƙwarai idan aka gwada da wannan, ya faɗi wanda zai ci. Karin maganar da ta dace da mujallar ita ce taron tsintsiya ba shara, kuma ba ta kai ƙarshen 1938 ba ta daina fitowa.

Ɗalibin Zariya ya ƙara da cewa: "Ɗiba ta ƙuri'a da rabo ta ƙuri'a ba abu ɗaya ba ne?"

A'a. Ɗiba ita ce wa zai shiga binciken, ita ke ba ka damar yin magana a kan jama'ar da ba ka tambaya ba. Rabo shi ne wa zai sami me bayan an shiga, shi ke ba ka damar cewa maganin ne ya yi aiki. Masu gwajin 1948 rabo suka yi, ba su ɗebo majinyatansu ta ƙuri'a daga duk Ingila ba. Malamai na son wannan tambaya a jarrabawa, ka riƙe ta.