Kod ɗinmu yana GitHub: shin hakan ya ishe mu ajiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu uku ne a nan Damagaram muke rubuta manhajar lissafin kaya wa wasu shaguna da farmasi biyu. Kod ɗin yana GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, rumbun bayanan MySQL, inda lissafin yake, kuma yana kan kwamfutar kowane shago. Watan jiya kwamfutar ɗayanmu ta mutu da aikin sati guda a ciki, bai riga ya tura shi GitHub ba. Abin ya ba mu tsoro. Waɗanne manhajoji ne na kyauta masu buɗaɗɗen tushe za mu riƙa yin kwafin ko-ta-kwana da su? Forfen intanet yana da tsada, wuta kuma ba ta zama. Sai mun kama hayar sabar, wato kwamfutar da take kunne kullum a intanet?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya mayar da alheri. Sai dai ni ba aikin satin nan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Kod kun san yadda kuka rubuta shi, za ku sake rubutawa ko da rai bai so. Lissafin mai farmasi na shekara biyu, da sunayen waɗanda yake bi bashi, in suka ɓace babu wanda zai zauna ya sake su daga ka. Amanar mutane ce a hannunku, kuma ita ce ba ta GitHub.

Git kansa, wato tsarin adana tarihin kod da GitHub yake aiki da shi, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, ya riga ya yi muku rabin aiki: duk wanda ya ɗauko ma'ajiyar da git clone yana da tarihin gaba ɗaya a kwamfutarsa. Ku uku da GitHub, kwafi huɗu ke nan. Abin da ya ci abokinku rashin turawa ne, maganinsa kuwa ɗabi'a ce: kowa ya buɗe reshensa, wato layin aikinsa na daban a cikin Git, ya tura kafin ya tashi, ko da aikin bai kammala ba. Ranar da babu intanet, sai ya buga git bundle create aiki.bundle --all. Wannan yana dunƙule dukkan rassa da tarihi cikin fayil guda, a zuba a filas a miƙa wa ɗan'uwa, shi kuma ya yi git clone aiki.bundle kamar daga sabar ya ɗauko. Ku kuma ajiye madubi ɗaya, wato cikakken kwafin ma'ajiyar da take GitHub, da git clone --mirror, kuna sabunta shi da git remote update. Amma ku sani madubi mai biyayya ne. In wani ya tura da ƙarfi ya murƙushe tarihi a GitHub, madubin zai kwaikwayi ɓarnar a sabuntawa ta gaba. Shi ya sa shi ma sai an riƙa ɗaukar kwafinsa mai kwanan wata.

Yanzu ka ɗauki takarda ka rubuta abin da Git bai taɓa gani ba. Buɗe fayil ɗin .gitignore, inda ake lissafa abin da Git zai ƙyale, yawancin jerin yana nan: fayil ɗin .env mai kalmomin sirri, hotuna da takardun da masu shago suka loda, rumbun bayanai. Ƙara da tattaunawar matsaloli da kuke yi a shafin GitHub, don ba ta cikin abin da clone yake kawowa. In kuna da manhajar Android, mabuɗin da kuke sa mata hannu da shi ma yana cikin jerin, kuma ɓatansa na iya hana ku fitar da sabuntawa ga masu ita a waya.

Rumbun bayanai ba a kwafe jakarsa kai tsaye yana cikin aiki. Za ka samu fayilolin, amma wani an kama shi tsakiyar rubutu, ranar buƙata ya ƙi buɗuwa. A fitar da shi tukuna da mysqldump, a haɗa da --single-transaction in teburanku InnoDB ne, wato tsarin ajiyar da MySQL ya saba amfani da shi, don mai shago ya ci gaba da ciniki ana ɗauka. Masu PostgreSQL pg_dump ne nasu, masu SQLite kuma umarnin .backup. Fayil ɗin da ya fito shi ake ajiyewa.

Manhajar da zan ba ku ita ce restic. Fayil ɗaya ce tak, babu wani dogon girkawa, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma na san kwamfutocin shaguna galibi Windows ne. Dalilin da ya sa ta dace da mu shi ne yadda take yanka bayanai gunduwa-gunduwa, ta ba kowace gunduwa shaida, sannan ba ta sake ajiye wadda ta riga ta gani. Ɗaukar farko ce mai nauyi, gara a yi ta da dare ko inda aka samu wifi. Bayan nan abin da ya canza kawai yake tafiya, don haka lissafin wuni guda ba zai cinye muku forfe ba. In wuta ta ɗauke ana tsaka da aiki, tsofaffin kwafi ba sa lalacewa, sai dai a sake tayar da ɗaukar. Komai kuma a kulle yake fita daga kwamfutar, wanda ya tsinci diskin ba zai karanta bashin kowa ba. Da restic init ake buɗe ma'ajiya, restic backup ya ɗauka, restic snapshots ya nuna kwanakin da kake da su. Don kada wuri ya cika, restic forget da --keep-daily 7 --keep-weekly 4 --keep-monthly 12 --prune zai bar maka na kwana 7, na sati 4, na wata 12, ya share saura.

BorgBackup ma gwana ce, aikinsu kusan ɗaya, kuma borgmatic yana sauƙaƙa tsara ta, har ya fitar da rumbun bayanai da kansa. Da dukkanku Linux kuke, da ban hana ku ita ba, amma ba ta zauna a Windows yadda ya kamata ba. Rsync, wadda take nan tun 1996, da Syncthing kuwa daidaita jaka biyu suke yi: yadda aka saba saita su, in fayil ya lalace a nan, lalataccen ne zai haye kan mai kyau a can. Suna da ranarsu, amma kada ku dogara da su kaɗai.

Ina za a ajiye? Tsohuwar ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wannan na ƙarshe shi mutane suke raina wa. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen sabar na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai abokan cinikin da kwafinsu na ko-ta-kwana yake a harabar guda, suka rasa duka biyun. Diskin da yake kwana a jaka ɗaya da kwamfutarka, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Ku sayi diski na waje guda biyu. In ofishinku yana Zango, ɗaya ya kwana a gidan wanda yake Birni, kuna musanya su duk Juma'a. A cire shi daga jikin kwamfuta da zarar an gama, saboda dawowar wuta da ƙarfi da kuma ƙwayoyin cutar da suke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa. A sa shi cikin ƙaramin akwati mai rufi, nesa da taga. Zafin bazara da ƙurar hunturu a garin nan ba sa raga wa na'ura. Filas kuwa ta ɗaukar saƙo ce, ba na yarda da ita a matsayin wurin ajiya na dindindin. Kwafi na uku ya tafi intanet: manhajar rclone tana haɗa restic da Google Drive, mai ba da giga 15 kyauta, kuma lissafin shago rubutu ne, yana matsuwa sosai.

Kalmar sirrin restic, ka ji ni da kyau, in ta ɓace babu mai buɗe maka, ko waɗanda suka rubuta manhajar. A rubuta ta da biro a takarda biyu, a sa a ambulan, mutum biyu su riƙe a gida biyu. Kada ta zauna a kwamfutar da ake tsoron mutuwarta kaɗai.

Saura abin da ya fi duka. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin ajiye kod irin GitHub, ya share rumbun bayanan babbar sabarsu bisa kuskure, kusan giga 300, yana zaton na sabarsu ta biyu yake gogewa. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, da aka je nema aka tarar babu wadda take aiki yadda aka zata. Ta pg_dump ta daɗe tana faɗuwa shiru saboda sigarta ba ta dace da ta rumbun ba, saƙon gargaɗin kuma ba ya isa ga kowa. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa 6 kafin nan ne ya cece su, aikin waɗannan awoyin kuma ya tafi. Kod ɗin mutane bai taɓu ba, rumbun bayanai ne ya tafi, daidai inda nake ji muku tsoro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau ɗaya a wata, ɗayanku ya ɗauki diskin ya zauna gaban wata kwamfuta daban, ya buga restic restore latest, ya loda fayil ɗin cikin sabon MySQL, ya buɗe manhajar ya duba ko cinikin jiya yana nan. Ya kuma gudanar da restic check --read-data, wanda yake karanta kowace gunduwa ya tabbatar ba ta ruɓe ba. Wanda zai yi gwajin ya kasance ba shi ya tsara ajiyar ba, yana bin rubutattun matakai. Inda ya maƙale, nan ne takardar take da giɓi.

A shagunan kuma kada ku bar abin a hannun tunawar mai shago. Ku sa mai tsara ayyuka na Windows ya tayar da mysqldump da restic da kansa, kuma ku zaɓi lokacin da kwamfutar take kunne tabbas, kamar bayan azahar, don in kuka sa tsakar dare an riga an rufe shago. Ku gaya wa mai farmasi cewa kwafin bayanansa zai fita daga shagonsa a kulle, ku nemi yardarsa tun farko.

Batun hayar sabar, a'a, ba yanzu ba. Akwai Forgejo da Gitea, waɗanda suke ba ka irin GitHub naka na kanka, har suna iya janyo madubin ma'ajiyarku lokaci-lokaci, kuma ƙaramar kwamfuta ta ishe su. Amma sabar ma abin kiwo ce, tana son wuta da sabuntawa da nata kwafin. Ku uku, ya fi muku sauƙi ku buɗe asusu na biyu a GitLab, ko a Codeberg in kod ɗin na kowa da kowa ne, ku ƙara shi da git remote add, kuna turawa wuri biyu. Kuɗin hayar ku sayi diski na biyu da shi.