Tambaya da Amsa: Gem ɗin da ka saya, naka ne kuwa?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan gem ne, na zaɓi guda uku, sauran a yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya ta farko daga wani matashi a Kano: Salam Yaya, dan Allah ina da tambaya. Ina buga wani gem na ƙwallo a waya, kyauta na sauke shi, amma yanzu kullum sai na sayi koyin na buɗe fak ko zan samu babban ɗan wasa, wani lokacin in samu wani lokacin a ba ni tarkace. Abokina ya ce wai caca nake yi. Da gaske ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Maganar abokinka ba ta wasa ba ce, kuma ba shi ya fara faɗa ba. A shekarar 2018 hukumar da ke kula da harkar caca a ƙasar Beljiyam ta zauna ta duba irin waɗannan akwatunan da ake saya ba a san me ke ciki ba, a gem irin su FIFA 18 da Overwatch, ta ce a dokarsu wannan caca ce. Daga baya a farkon 2019 kamfanin EA mai gem ɗin FIFA ya daina sayar da FIFA Points, wato koyin ɗin da ake buɗe fak da shi, a ƙasar gaba ɗaya. Wato akwai ƙasar da abin nan da kake yi da kuɗin aljihunka hukuma ta hana shi.

Ka duba yadda abin yake mana. Ka ba da kuɗi na gaske, an ba ka koyin, ka danna, fitilu suna walƙiya ana kiɗa ana jan ranka kafin a nuna maka katin, sai ka ga ɗan wasan da ko a benci ba za ka ajiye ba, zuciyarka ta ce ƙara ɗaya dai wataƙila wannan karon, to wallahi wannan "ƙara ɗaya" ɗin shi ne kasuwar gaba ɗaya, don shi aka gina gem ɗin. Cinikin biri a sama kenan. Hukuncin shari'a kuwa ka kai wa malami, amma ka yi masa bayanin yadda abin yake dalla-dalla, kar ka ce masa gem kawai nake bugawa, ka ce ina biyan kuɗi ne a kan abin da ban san me zai fito ba.

Wannan salon ya daɗe. Tun 2009 aka shigo da Ultimate Team, wato ɓangaren da ake buɗe fak ana tara katunan 'yan wasa, cikin FIFA, ga shi har sunan gem ɗin ya canza ya koma EA Sports FC a 2023 amma fak yana nan daram. Shi ma PES da muka taso da shi, Konami ta mayar da shi eFootball a 2021 ta ce kyauta ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa ƙanina, duk gem ɗin da aka ce maka kyauta to akwai wata ƙofar da za a bi a karɓa. Abu ɗaya da zan ce ka yi yau ɗin nan: kafin ka sake buɗe fak, nemi ɗan rubutun da ke nuna kashi nawa cikin ɗari ne damar samun babban kati, yawancin gem suna sakawa yanzu saboda tun ƙarshen 2017 Apple ya wajabta a nuna. Ka karanta lambar da idonka. Sannan ka cire katin bankinka daga wayar.

Tambaya ta biyu daga wata uwa a Zariya: Ɗana, yarona shekararsa 14, Free Fire ya hana shi barci, sai ƙarfe ɗaya na dare ina jin yana magana da mutanen da ban sani ba. In ƙwace wayar ne?

Amsa: Mama, Allah ya shirya mana su. Ni dai ba zan ce a ƙwace kwata-kwata ba, don sai ya koma bugawa a wayar abokai inda idonki ba ya kai. Amma wayar ta kwana a ɗakinki, wannan ba sai an yi shawara da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma abin da suke dubawa ba yawan awanni ba ne kawai, a'a, shin yaro ya kasa tsayawa, ya fifita gem a kan makaranta da abinci da barci, kuma yana ganin illa amma ya ci gaba, har tsawon wajen shekara guda. In bai kai nan ba to gyara ne mai sauƙi in sha Allah. Ƙasar Sin ma a 2021 ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da 18 gem na intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne mutanen da yake hira da su. Ki zauna kusa da shi wata rana yana bugawa, ki ce ya nuna miki su waye, kuma ki ja masa kunne kar ya tura wa kowa hoto ko lamba ko adireshin gida.

Tambaya ta uku daga wani ɗalibi a Maraɗi: Yaya na daɗe ina tara kuɗi zan sayi PS5. Mai shago ya ce in ɗauki wanda ba ya cin faifai ya fi araha, wai ai yanzu duniya ta bar faifai. Me ka gani?

Amsa: Wannan tambayar ta taɓa ni sosai, don haka ka yi haƙuri zan ɗan ja ta. Ka ɗauki mai cin faifai. Ko da za ka ƙara wata biyu kana tari, ka ɗauki mai faifai.

Mu da muka tashi a gidan gem zamanin PS2 mun san daɗin abin. Ka biya kuɗin wasa, a miƙo maka pad, Winning Eleven a talabijin, wanda aka ci ya tashi, yara sun cika benci ana ihu, in an ɗauke wuta mai shago ya tada janareta a ci gaba. Faifan nan za ka ara wa abokinka, ka yi musaya, in ka gaji da shi ka sayar ka cika ka sayi wani. PS2 ya fito ne tun 2000, amma har yau in ka samu mai rai ka saka masa faifai zai tashi ya yi aiki ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

To yanzu ka ji abin da ya faru da wani gem na tseren motoci mai suna The Crew. Ubisoft ta fitar da shi a 2014, mutane suka saya da kuɗinsu, sai a ƙarshen Maris na 2024 kamfanin ya kashe sabar, wato kwamfutarsa ta intanet da gem ɗin ya dogara da ita, shikenan ya mutu a hannun kowa, har wanda yake son ya yi tuƙinsa shi kaɗai ba zai iya ba. Wannan ne ya tayar da gangamin Stop Killing Games, wanda a 2025 ya tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai suna neman a yi doka. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuma an yi dokar da ta tilasta wa shagunan intanet su faɗa wa mai saye cewa lasisi yake saya, ba gem ɗin kansa ba. Abin da kake saukewa daga shagon intanet kenan, izinin amfani ne, yana maƙale da akawun ɗinka, ranar da aka rufe akawun ko aka yi maka kutse komai ya tafi, ba ka iya sayarwa ba ka iya ba wa ƙaninka.

Zan faɗa maka gaskiya, faifai ma ba garkuwa ba ce ɗari bisa ɗari, masu faifan The Crew su ma ya mutu musu, kuma a na'urar gem ta Nintendo mai suna Switch 2 da ta fito a 2025 akwai katin da babu gem a cikinsa sam, makulli ne kawai na saukewa. Wannan salon yana ɓata min rai ƙwarai, musamman saboda an tsara shi ne don mutanen da intanet ɗinsu ba ya yankewa kuma ba sa ƙirga data. Mu fa? Gem ɗaya irin Call of Duty yana iya haura giga 100, ka lissafa kuɗin datar da kwanakin da za ka yi kana jira netwok yana zuwa yana tafiya, arahar da mai shago ya yi maka ta ƙare tun a gem na farko ko na biyu. Da faifai kuwa yawancin gem na labari za ka loda daga faifan ka buga, sabuntawa ta biyo baya in ka samu hali, ga kuma faifan hannu na biyu da za ka samu da sauƙi, ga faifan PS4 da akasarinsu suna aiki a PS5.

In har kuɗin ya ƙi kaiwa kuma ka matsu sai ka ɗauki marar faifai, to ka tabbata samfurin PS5 siriri ne da ya fito a 2023, shi ana iya sayen na'urar faifai daban a maƙala masa daga baya, amma ka sani ranar haɗawar farko sai an jona shi da intanet. Kuma duk faifan da za ka saya ka juya bayan kwalin ka duba ko an rubuta dole sai da intanet, in ka ga haka ka tambayi mai shago ko akwai ɓangaren da ake bugawa ba netwok kafin ka miƙa kuɗinka.