Hayar gidan hutu a Elmina ta waya: me za a duba kafin a tura kuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana muna shirin kai yaranmu huɗu Ghana idan an yi hutun makaranta, su ga tsohon kurkukun bayi na Elmina. Ba ma son otal, mun fi son gida mai kicin inda zan girka mana abin da muka saba. Na ga wani gida mai kyau a Facebook, mai shi ya ce in tura rabin kuɗi ya ajiye mana. In tura? (Wata mai karatu daga Hotoro)

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki tura ko sisi tukuna. Wannan tambayar ta dame ni, domin ta irin wannan hanya ake cinye guminmu. Ɗan damfara ba ya bukatar gida. Hoton gidan wani kawai yake kwasowa daga intanet, ya sa farashi mai sauƙi, ya ce wasu na rububinsa don ki yi gaggawa.

Fara da hotunan. Ki ajiye biyu ko uku a wayarki, ki buɗe Google Lens, ki sa su ciki. Zai nuno miki duk inda hoton ya taɓa fitowa. Idan falon da aka ce yana Elmina ya bayyana a tallar wani gida na Mombasa ko Dubai, magana ta ƙare. Idan hoton ya tsallake, ki ce ya turo alamar wurin ta Google Maps, ki juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan adam, ki ga ko akwai gini a wurin da kuma nisansa da teku. Da yara ƙanana, gidan da ƙofarsa ke kallon ruwa ba katanga abin tunani ne, don igiyar ruwan gabar Ghana tana da ƙarfi sosai. Sannan maigida ya kira shi ta bidiyo, ya sa shi ya zagaya gidan: ya kunna murhun gas, ya buɗe firji, ya murɗa famfo. Mai gida na gaskiya ba ya ƙin wannan.

Duk da haka, ni shawarata ku kama gidan ta Airbnb ko Booking.com, wato manhajojin kama masauki ta intanet. A Airbnb kamfanin ne ke riƙe kuɗinku, ba ya sakar wa mai gida sai bayan ranar shigarku, kuma idan kuka tarar da abin da ba shi aka nuna ba akwai inda za ku kai ƙara. A wurin tace bincike ki zaɓi gida sukutum, ba ɗaki a cikin gidan wani ba, ki sa alamar kicin, ki rubuta adadinku na gaskiya har da yara. Ki karanta sharhin waɗanda suka kwana can kwanan nan, musamman masu ƙorafi kan ruwa da wuta. Sharaɗi ɗaya ne: kuɗi da hira duk su tsaya cikin manhajar. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp zai yi muku ragi, ko ya turo wani adireshin intanet wai ki sake shigar da lambar katinki, ki rabu da shi. Kafin ranar biya, maigida ya leƙa bankinsa ya tambaya ko katinsa na biya a waje, da iyakar abin da aka yarda ya kashe.

Kun zaɓi wuri mai tarihi. Turawan Fotugal ne suka gina wannan ganuwa, wato kurkukun bayin na Elmina, a 1482, 'yan Holan suka ƙwace ta a 1637, kuma irinta ta garin Cape Coast ba ta da nisa, tafiyar mintuna ce a mota. Kifi kuwa a bakin ganuwar masunta ke sauke shi, sauran cefane ki nufi kasuwar Kotokuraba a Cape Coast. Ga kuma zango, wato unguwar Hausawa da sauran Musulmi: tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja Hausa ta zauna a Ghana, don haka neman mahauci Musulmi ba zai ba ki wahala ba.

TAMBAYA: Malam, na ji ana ɓoye kyamara a irin waɗannan gidaje. Ina da iyali, yaya zan gane? (Wani magidanci daga Gwammaja)

AMSA: Yallaɓai, kishin iyalinka daidai ne. Tun 30 ga Afrilu 2024 Airbnb ta haramta kyamarar tsaro a cikin gida baki ɗaya, amma ka duba da kanka. Ka kashe fitilu, ka ja labule, ka haska tocilan wayarka a hankali kan agogon bango, kan caja, na'urar gano hayaƙi da duk abin da ke fuskantar gado ko banɗaki. Gilashin kyamara yakan ɗan yi ƙyalli. Kyamarori masu gani da dare suna fitar da hasken da ido ba ya gani, amma kyamarar gaba ta wayoyi da yawa tana nuna shi kamar ɗigon shunayya. Gwada da rimot ɗin talabijin tun kana gida, ka san ko taka tana kamawa. Manhajar Fing kuma tana lissafo na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗin gidan, sai dai ba ta ganin mai ajiye hoto a katin memori. In ka samu wani abu, kada ka taɓa. Ɗauki hotonsa, fitar da iyalinka, ka sanar da kamfanin da 'yan sanda.

TAMBAYA: Cajarmu za ta yi aiki a can? (Wani ɗalibi daga Kabuga)

AMSA: Za ta yi, ƙanena. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, ƙarfin wutar ma ɗaya. Ka tafi da fawa banki, su ma ana ɗauke musu wuta. Ka sauke taswirar Elmina da Cape Coast a Google Maps tun kana Kano don ta yi aiki ba data. Agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, saboda haka da kun sauka ka sabunta wurin da kake a manhajar lokutan salla, in ba haka ba za ta ci gaba da kira maka salla da lissafin Kano.