Ban da babban cocin, me ya saura a Kantabari?

Malam, ka ce kwana ɗaya gare ka a birnin Kantabari na Ingila, kana tambaya ko babban cocin ya isa. Bai isa ba gaskiya. A cikinsa ne aka kashe Thomas Becket, babban bishop na Kantabari, a 1170, shi ya sa cunkoso ba ya ƙarewa. Amma ka leƙa cocin St Martin, ɗan ƙarami, wanda Sarauniya Bertha ta masarautar Kent take ibada a ciki tun kafin Augustine, ɗan mishan da aka aiko daga Roma, ya iso a 597. Duba bangonsa da kyau, za ka ga jajayen tubalan Rumawa. Gidan zuhudu na Augustine kuwa kango ne, Sarki Henry na takwas ya rufe shi a 1538. In lokaci ya rage, nemi Greyfriars, ɗakin ibadar da kogin Stour ke ratsa ƙarƙashinsa.